Goggo Mai Kwali da Kifin da Ya Hana Ta Hutu

Ina da wani hali da ya kamata in faɗa tun yanzu: in ana yi mini bayani, tun mai maganar bai kai rabi ba nake fara gyaɗa kai, in fita ban riƙe ko kalma ɗaya ba. An ce mini Goggo Mai Kwali ta ajiye aiki, na gyaɗa kai, na zauna rubuta mata jinjina. Jiya na bi ta layinsu na tarar da shagon a buɗe, tana ciki tana jan bokiti. To, ko ta ajiye ko ba ta ajiye ba, ni dai na riga na fara.

Shekara ashirin da bakwai ke nan tana sayar da kifin ado, irin wanda ake sawa a akwatin gilashi don kallo. Kullum da safe sai ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ta kara bayan hannu a gilashi ta ji ɗumin ruwa, ta kasa kunne ta ji ko injin iska na aiki, ta barbaɗa abinci da yatsa biyu kamar mai jin tsoron gishiri. Sannan ta zauna a kujerar roba ta jawo almakashi da tsofaffin kwalaye.

Kwalin ne ya ba ta suna. Duk kifin da ke shagon, ta yanka kwali daidai girman da zai kai in ya tsufa, ta rubuta a bayansa abin da yake ci, da wanda yake cinyewa, da sau nawa ake rage masa ruwa. Mai askin da ke maƙwabtaka da ita ya ga ranar da wani malamin makaranta ya shigo neman kifi don jikarsa.

"Goggo, wancan ɗan mai ɗigo-ɗigon nake so."

"Akwatinka, ina tsawonsa?"

"Kamar haka." Ya buɗe hannuwa.

"Malam, tsaya wuri ɗaya mana. Akwatin naka sai girma yake tun da ka fara magana."

Ta laluba ƙarƙashin teburin shagon ta zaro kifin kwali mai tsawon kamu ɗaya. "Ga shi nan bayan shekara uku. Je ka kara shi a jikin gilashinka. In zai iya juyawa, ka dawo."

Mai askin ya ce ya daɗe yana ganin magidanta na fita daga shagon da kifin kwali a hammata, fuska a murtuke, har ya ɗauka wani magani take bayarwa.

Ba kowa ke dawowa ba. Akwai wani ma'aikacin ofis, mai ɗan tumbi da gilashin ido, da ya ga wata irin tarwaɗa mai jan wutsiya a hoto ya ce sai ita. Goggo ta ce ba ta sayar da irinta, amma tana da kwalinta. Sai da ta shiga ɗakin baya ta fito da shi a naɗe biyu. Mutumin ya dubi kwalin, ya dubi hoton, ya rasa ta inda abu kamar ɗan yatsa zai zama abu kamar ƙyauren taga. Tana ta bayani yana cewa "haka ne, haka ne". Daga nan ya tsallaka titi ya shiga wani shago, inda mai shagon ya rantse masa cewa kifi ba ya wuce girman gidan da aka sa shi.

Ya sayi kifin ya kai shi gida, iyali suka sa masa suna Auta. Wata uku Auta ya cinye abokan zamansa, mai gidan yana ta leƙa bayan kujera ko tsalle suka yi suka fita. Shekara ɗaya ya daina juyawa a akwatin, sai dai ya ja da baya kamar mota a lungu. Aka mai da shi bahon wanka, gida duka aka koma wanka da bokiti. Ranar da uwargida ta ce, "Baban yara, ko ni ko shi," mutumin ya ɗan yi shiru kafin ya amsa, shirun da har yau bai gama ba da haƙuri a kansa ba.

Shagon da ya sayar masa ya ce ba a mai da kaya. Ya zo wurin Goggo da Auta a cikin roba, an lulluɓe da jiƙaƙƙen zane. Ta ɗaga zanen ta duba. Ba ta ce "ai na gaya maka" ba. Cewa ta yi, "Riƙe ta can, kar ka zubar mini da ruwa a ƙafa."

Shekara shida ke nan Auta yana ɗakin baya a tankin da ta sa aka gina masa. Ita ke kwasar ruwansa da bokiti, gwiwoyinta kuwa sun gama gajiya. 'Yarta ta gyara mata ɗaki a gidanta tun bara. Sauran kifayen duk an samar musu gidaje. Auta ne ba mai ɗauka. Sau uku maƙwabta suna yi mata taron bankwana, sau uku mai aski yana tashi ya yi jawabi iri ɗaya, washegari a ji ƙarar ƙofar shagon. A na ukun 'yar ta kasa daurewa.

"Umma, don Allah, kifi ne fa! Ki bayar a soya."

"Ki soya wanda ya san takun ƙafata?"

"To ki ce wa mutane ya gama girma, wani zai ɗauka."

"Bai gama ba."

Mutum biyu sun zo da niyyar ɗauka. Dukansu ta ba su kwali.

A nan kaina ke ɗaurewa, Goggo. Ke kaɗai ce mai shagon da na sani tana korar mai saye da almakashi. Ke ce kika ƙi yin ƙarya ɗaya tak, wadda da kin yi ta da yanzu kina kwance jikoki na matsa miki ƙafa. Na rasa ko in yaba miki ko in taya 'yarki faɗa. Amma na san akwai kifaye a falukan mutane da suke juyawa yadda suka ga dama saboda ke, akwai yaran da ba su tashi da safe sun ga abin ƙaunarsu yana yawo ciki a sama ba. Mun gode. Allah Ya ba gwiwoyin nan lafiya, Ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu shagunan kifi, kwali ba ya wuyar samu, almakashi ma haka. Ku nuna wa mutum abin da yake saye kafin ya kai shi gida. Duk mai babban tafki a gidansa ko a wurin aikinsa, ya taimaka ya leƙa wurinta, baiwar Allah ta samu ta huta. Mu masu saye kuma mu riƙa bari a gama bayani.

Ma'aikacin ofishin nan da ya kai mata Auta, ni ne.