Ƙafar Baba a Zauren Majalisa

Jiya maƙwabciyata a nan unguwar Al Nahda a Dubai ta buɗe gwangwanin man kaɗanya da aka kawo mata daga gida. Warin na bugun hancina sai na ga Inna durƙushe a tsakar gidanmu tana shafa wa Baba shi a ƙafa.

Lokacin Baba ɗan majalisar jiha ne, mai wakiltar ƙauyukanmu. Kun san al'ada, baƙo ruwa ake fara miƙa masa kafin gaisuwa ta yi nisa. To mu ruwanmu na tafki ne, da rani ya koma kamar kunu, shanu su sha, mutane su sha. Sauran 'yan siyasa da jarkarsu suke zuwa a bayan mota, in an miƙo ƙwarya su taɓa da leɓe su mayar. Baba kuwa sai ya kafa kai ya shanye tas. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Shi dai amsarsa ɗaya ce: "Wanda ya ƙi ruwan mutum, da wane baki zai nemi ƙuri'arsa?"

Ai kuwa damina na sauka kurkunu ya fito masa a idon sawu. Wanda bai san kurkunu ba ya gode wa Allah. Tsutsa ce fara kamar zare, kullum sai a naɗe ɗan abin da ya leƙo a jikin kara, in aka yi garaje ta katse, ƙafa ta ruɓe.

Yana cikin wannan jinya aka zo muhawarar kasafin shekara, kuma an cire rijiyoyin da ya daɗe yana roƙa mana. Manyan jam'iyya suka aiko cewa ya zauna a gida ya huta. Kowa ya gane saƙon: ya yi shiru, ko ya rasa kujera. Baba ya sa aka ɗauke shi aka saka a mota. Da aka ba shi damar magana sai ya naɗe wando, ya ɗora ƙafar bisa tebur, da karan da komai, ya ce, "Mai girma Kakaki, ga abin da muke sha."

An dakatar da shi don wai ya raina majalisa, zaɓe na gaba kuma jam'iyya ta hana shi takara. Rijiyoyin an haƙa su, amma wani ne ya zo buɗe su da kiɗa da kirari. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina jin haushinsa. Muka koma gidan ƙasa, a makaranta ana ce mini 'yar mai kurkunu. Shi ko a jikinsa, da ɗingishi ya riƙa zuwa gona har Allah ya karɓi abinsa.

Yau babu kurkunu a yankinmu, alhamdu lillahi. Watan jiya wanda ke kan kujerar yanzu ya shigo Dubai neman gidan saye, ya biyo gaida maigidana. Na kawo masa ruwa mai sanyi a kofi.

"A'a Hajiya, khalas, bar shi kawai, ina da nawa," ya ce, ya ɗaga gorarsa.

Na tambaye shi ko rijiyoyin nan suna aiki har yanzu.

"Waɗanne rijiyoyi?"

Na ɗauki kofin na koma kicin. A tsaye na shanye shi, ina hawaye, ina roƙon Allah ya yafe mini haushin Baba da na ji.