Malam Hambali Durun, Uban Doshima

Haihuwa da asali

An haifi Malam Hambali a shekarar 1947 Miladiyya a garin Durun, cikin ƙasar Kabo ta yau. Mahaifinsa shi ne Malam Dalhatu mai haƙa rijiya, mahaifiyarsa kuwa Hajjo, Bafulatana daga rugagen da ke arewa da Gwarzo. Malam Dalhatu ya yi suna a sana'arsa, domin ya haƙa wa Hausawa da Fulani da Maguzawa rijiyoyi tun daga Masanawa har Unguwar Tudu, kuma a gindinsa ne Hambali ya fara sanin ƙasar da ke da ruwa da wadda sai wahala.

Neman ilimi

Ya fara karatun allo a wurin Malam Nata'ala na Durun, inda ya yi sauka yana ɗan shekara goma sha uku. A 1956 aka saka shi makarantar firamare a Gwarzo, daga nan a 1963 ya wuce Kano koyon gyaran injin ruwa da walda. Gaskiya ɗaya ce, ba a taɓa yabon sa da ƙoƙari a aji ba, kuma shi kansa ba ya ɓoye wannan. Amma idan aka ajiye masa injin da ya gagari kowa, ba ya tashi sai ya ji kukansa.

Aiki

A 1967 hukumar En'e ta ɗauke shi aiki a sashen ruwa, ya yi ta zagaya ƙauyuka yana gyaran famfo. A 1981, lokacin da gwamnatin jiha ta himmatu wajen haƙa rijiyoyin burtsatse a karkara, aka naɗa shi shugaban ma'aikata a ayarin da ke kula da Gwarzo da Kabo. Ayarin ya haɗa mutane iri-iri: injiniyan Ba'indiye ne mai suna Mista Pillai, mai walda Bayarabe ne, Alhaji Lasisi na Ogbomosho, direba Bafulatani ne mai suna Altine, mai sarrafa injin haƙa kuma Terna ne, Kirista ɗan ƙabilar Tibi daga wajen Gboko.

Zo mu zauna, in ji Hausawa, zo mu saɓa, kuma sun saɓa ɗin ba sau ɗaya ba. Abin da Malam Hambali ya kafa shi ne tukunya ɗaya ga kowa, tare da sharaɗin cewa duk abin da addinin wani ya hana shi ci ba zai shiga cikinta ba. Saboda haka naman saniya ya ƙaurace wa ayarin don Mista Pillai mai bin addinin Hindu, abin da Altine bai taɓa yafewa ba. Kullum sai ya ce kakannin Terna sun cinye shanun Fulani, ga shi yanzu Ba'indiye ya hana shi cin sauran, Terna kuma ya ce masa ya kawo shaida, domin tsakanin Tibi da Fulani akwai wasa tun na kakanni. In azumi ya kama, Terna da Pillai ke ɗaukar aikin tsakar rana. In Lahadi ta zo kuwa, Malam Hambali ke hawa injin da kansa don Terna ya sami zuwa coci.

Aure da zuwan Doshima

A 1971 ya auri Malama Zaituna, 'yar Masanawa, mace mai kaifin baki da saurin tausayi, kuma da ita kaɗai ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Sun koma Gwarzo da zama a 1981, inda Terna da matarsa suka kama haya a maƙwabtansu.

A daminar 1985 matar Terna ta rasu wurin haihuwa, ta bar jaririya da uban ya raɗa wa suna Doshima. Zamani ne na tsuke bakin aljihu, madarar gwangwani ta zama sai wane da wane, dangin Terna kuma suna can nesa. Malama Zaituna tana goyon ɗanta Mahbub a lokacin, kuma ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta shiga gidan ta ɗauko yarinyar ta ba ta nono. Sai bayan an yi an gama ne Malam Hambali ya tafi neman fatawa wurin limamin unguwa, wanda ya shaida masa cewa abin halal ne, amma ya san nauyin da ya hau kansa: daga ranar nan yarinyar 'yarsa ce ta shayarwa, muharramarsa ce, 'ya'yansa 'yan'uwanta ne, gado kaɗai ne babu tsakaninsu. An ce da ya dawo gida abin da ya faɗa kawai shi ne, «To, Zaituna, kin ƙara mini 'ya ba tare da an sha wahalar suna ba.»

Tare aka yaye ta da Mahbub, kuma ta tashi tsakanin gidajen biyu, tana kiran Terna Papa, tana kiran Malam Hambali Baba. Ranar Lahadi ta bi mahaifinta coci, ranar Salla a yi mata ɗinki da kitso tare da 'yan'uwanta mata. Masu surutu sun yi surutu, wasu na cewa me ya hana shi musuluntar da ita. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba: amana aka ba shi, ba ganima ba.

Shekarun matsi

A 1987 aka rage ma'aikata, aka rushe ayarin, Mista Pillai ya koma ƙasarsu. Malam Hambali ya tattara sauran, suka ci gaba da gyaran famfon tuƙa-tuƙa da yasar rijiyoyi a ƙashin kansu. Wani lokaci da hatsi ake biyan su, wani lokaci da godiya kawai. Shekaru ne masu tsanani, amma ba a taɓa jin cewa ɗaya daga cikinsu ya kwana da yunwa alhali akwai tuwo a gidan ɗan'uwansa ba.

Zamanin Shari'a

Da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar Kano a shekarar 2000, Malam Hambali yana cikin waɗanda suka yi murna da zuciya ɗaya. Sai dai tarzomar da aka yi a Kaduna a farkon shekarar ta jefa tsoro a zukatan baƙi, kuma da dama daga cikinsu suka kwashe iyalansu. Dangin Terna suka yi ta aiko masa ya dawo gida, Malam Hambali kuma yana ta kwantar masa da hankali, domin tafiyar Terna tana nufin tafiyar Doshima, abin da bai iya ko tunaninsa.

A 2001 wasu samari 'yan sa-kai, waɗanda zafin kansu ya fi karatunsu, suka tare Mahbub a hanyar Kabo ya goyo Doshima a babur zai kai ta makaranta. Suka ce saurayi Musulmi ya ɗauko 'yar ƙabila, suka tasa su gaba har ƙofar dagaci, yara na binsu da ihu. Malam Hambali ya iso da kayan aiki a jikinsa, kuma waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai zagi kowa ba. Ya nemi a kira liman, ya kawo Alhaji Lasisi da Altine suka ba da shaidar shayarwar, wadda dama duk unguwa ta sani, sannan ya ce a yi masa hukunci da Shari'ar da ake magana a kanta. Liman ya tabbatar a gaban jama'a cewa yarinyar ƙanwar Mahbub ce, babu wani shamaki tsakaninsu, ya kuma umarci samarin su nemi gafara, suka nema.

Ya ci nasara a ƙofar dagaci, amma bai ci ta a zuciyar Terna ba, wanda ihun yaran nan ya tsaya masa a rai. A 2002 Terna ya yanke shawarar komawa gida da 'yarsa. Malam Hambali bai hana ba, ya ce uban da ya haifa ya fi shi iko. Ya raka su tasha, ya dawo ya shiga ɗaki, kuma Malama Zaituna ta ce ranar ce kaɗai ta ga ya mayar da tuwo bai taɓa ba.

Shekarun tsufa

Ya ajiye aiki a 2004, ya bar shi a hannun babban ɗansa Jibirin, ya koma Durun yana noma da karatu. Ya sauke farali a 2007. Tsufansa ya yi kyau, ga jikoki, ga mutunci, kuma Alhaji Lasisi da Altine ba su daina zuwar masa hira ba. Doshima ta karanta aikin ungozoma, ta yi aure a Makurɗi, takan zo da doya lokaci-lokaci, sai dai hidimar aiki da nisan hanya suka sa zuwan ya ragu, musamman bayan rasuwar Terna a 2009. Damuwarsa ɗaya ita ce, kada bayan ransa yarinyar ta zama baƙuwa a gidan da ta sha nono, ganin cewa surukai da jikoki sun cika gidan, kuma da yawansu ba su san ta ba. Ya sha faɗa wa Malama Zaituna haka, ita kuma takan ce masa ya bar tsoro tunda tana numfashi.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Hambali rasuwa ranar wata Alhamis a watan Sha'aban na shekarar 2013, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da shida. An yi masa salla a ƙofar gidansa, aka binne shi a maƙabartar Durun kusa da mahaifinsa, kuma jama'a sun zo daga Gwarzo da Kabo da ƙauyukan da ya ba ruwa.

Doshima ba ta sami jana'iza ba, sai ranar sadakar uku ta iso. Wata suruka da ba ta san ta ba, ganin shigarta da jin harshenta, ta shimfiɗa mata tabarma a wajen masu zuwa ta'aziyya, ta kawo mata ruwa irin na baƙi, ita kuma ta zauna. Malama Zaituna ta hango ta daga ɗakin takaba, ta ɗaga murya yadda duk gidan ya ji: «Wa ya ajiye min 'ya a can? Doshima, ke za ki yi wa mutane gaisuwa, ko ke za a yi wa? Taso ki zauna cikin 'yan'uwanki, ubanki ne ya mutu.» Doshima ta taso ta shiga cikinsu, a nan ta zauna har aka yi bakwai, tana amsa ta'aziyya.

Ya rasu ya bar matarsa Malama Zaituna, da jikoki goma sha tara, da 'ya'ya shida, bisa jerin shekarunsu kamar yadda mahaifiyarsu ta lissafa su: Jibirin, Ikilima, Mahbub, Doshima, Kamila da Taufiq. Allah ya jiƙansa, ya sa ruwan da ya shayar ya zame masa sanyi a kabari, amin.