Direbanmu da Rijiyar Gidansu

Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a makarantar nan, kuma kullum a motar ɗalibai nake zuwa aiki. Kujerata tana bayan ta direba. Baba Direba muke kiransa, har shugabar makaranta da ta girme shi.

Ban taɓa ganin mai kula irinsa ba. Ba ya tayar da mota sai ya sauka ya zagaye ta, ya duƙa ya leƙa ƙarƙashinta. In ya sauke yaro, ba ya motsawa sai ya ga an buɗe ƙofar gida an karɓe shi. Masu motocin baya su yi ta danna hon, ko a jikinsa. Malamai na tsokanarsa cewa da keke ma sai a riga shi isa. Ya yi murmushi ya ce, "To ku hau keken mana."

Abin da ban gane ba shi ne yadda yake ɗaukar laifin kowa. Yarinya ta manta jakarta a gida, sai ya ce shi ne bai tuna mata ba. Wata rana wani yaro ya faɗi a filin wasa ya fasa gwiwa, Baba kuwa yana can garejin bakanike. Da ya dawo ya ji, sai ya ce laifinsa ne.

Na ce, "Baba, ai ba ka ma nan."

Ya ce, "Shi ne ai, Malama. Ba na nan."

Sai bayan shekaru ya ba ni labarin, muna jiran a tashi yara, yana goge madubi da tsumma. Yana ɗan shekara bakwai mahaifiyarsa ta shiga maƙwabta, ta ce ya kula da ƙaninsa mai shekara biyu. Ya ji ƙarar babbar mota a waje, ya fita kallo. Kafin ya dawo, ƙanin ya faɗa rijiyar tsakar gida. Babu wanda ya dake shi. Mahaifinsa dai ya dube shi ya ce, "Da ka tsaya inda aka ce ka tsaya." Daga ranar ba a sake ambaton yaron a gidan ba.

Da wannan magana ya girma, ya yi aure, ya haihu. Matarsa ta sha fama: yara ba sa fita ko ƙofar gida, bokiti ba ya kwana da ruwa. In an yabe shi, sai ya ji kamar an yi kuskuren mutum.

Abin ya fara sassautawa ne ranar da autarsa ta cika bakwai. Ya same ta a falo tana kokawa da igiyar takalmi, ta kasa ɗaurewa, har ta fashe da kuka. Ya ce ya tsaya yana kallon ƙananan yatsunta, sai ya tambayi kansa: wannan ce za a bar wa ran mutum?

A makon ya je wurin yayarsa. Da ƙyar ya tayar mata da maganar ƙanin nasu. Yaya ta ajiye ɗinkin da take yi ta ce, "Yanzu duk shekarun nan kai ka ɗauka? Murfin rijiyar nan ya ruɓe tun kafin damina. Sau uku Inna tana yi wa Babanmu magana ya gyara. Har ya rasu yana kukan abin, a gabana. Kai ne bai iya duba idonka ya faɗa ba."

Kada a ɗauka nan take ya warke. Ya ce wata biyu ya yi yana jin haushin mahaifinsa, sannan ya koma jin haushin kansa don ya ji haushin mamaci. Matarsa ce ta matsa masa ya fara ganin wata likita a asibiti duk ranar Laraba. "Likita ce ba allura, ba magani," in ji shi, "sai tambaya kamar alƙali." Sau biyu yana dainawa, sau biyu matar tana ɗauko mayafi ta ce, "Tashi mu je, Malam."

A hankali muka ga canji. Wani yaro ya zubar da ruwa a kujera, Baba ya miƙa masa tsumma ya ce, "Kai ka zubar, kai za ka goge." Ni da malamar lissafi muka kalli juna. Ya bar babban ɗansa ya shiga ƙungiyar ƙwallo, ko da yake a wasan farko ya tsaya bakin fili yana addu'a har aka tashi. Har yanzu akwai ranakun da yake wayar gari shiru, mu ma sai mu ƙyale shi.

Bara ya shiga ofishin shugaba ya nemi hutun kwana huɗu, karo na farko tun da aka ɗauke shi aiki. Ta zabura ta tambaya ko wani ne ba lafiya. Ya ce lafiya lau, matarsa ce ta daɗe tana son ganin teku. Da suka dawo ya nuna mana hoto a waya: su biyu a bakin ruwa, ya naɗe wando zuwa gwiwa, iska ta karkatar masa da hula, ita kuma ta riƙe masa hannu gam tana ihu.