Kwarashin Habboba

Kakata ta koya wa 'yar kawuna saƙa, ni ta hana ni. Ta daɗe da rasuwa, ina yi mata addu'a har gobe, amma wannan abu yana nan tsaye a wuyana, kuma kada wani ya ce mini in ji kunyar faɗa.

A Umdurman muka tashi, ƙetaren kogi daga Khartum, bayan kasuwa, a gidan ƙasa mai rumfa a tsakiya da darbejiya a bakin ƙofa. Idan sanyi ya fara ja da baya, kafin zafi ya buɗe baki, darbejiyar nan takan yi fure, ƙanana farare, ƙamshinsu ya cika lungu. A lokacin ne kakar tamu, da muke kira Habboba kamar yadda 'ya'yan maƙwabta ke kiran tasu, takan jawo wani gwangwanin alewa daga ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai kwarashi na ƙarfe, siriri, da dunƙulen zare: ja, kore, fari, ruwan ɗorawa. Sai ta yi ta saƙa furanni, kowanne bai wuce tafin hannun jariri ba, ta jera su a doguwar igiya koriya, a rataye a saman ƙofar ɗakin baƙi. Na bara kuwa a warware shi, a wanke zaren, a sake sabo. Wurin wata Bamisiriya ta koyo abin, wadda ta yi wa aikatau a Khartum bayan sun baro gonakin auduga na Jazira. Duk layinmu babu gidan da ke da irin wannan ado. Mata kan shigo shan gahawa, su ɗaga kai, su manta da kofin a hannu.

Mu biyu ne 'yan mata a gidan, sa'annin juna. 'Yar kawuna makaranta take zuwa. Ni kuma gyaɗa nake soyawa da Innata, a cikin rairayi mai zafi, in ɗauki faranti in nufi kasuwa. Da la'asar ita za ta wanke hannu ta haye gado kusa da Habboba, gwiwa da gwiwa. Ni ina bakin murhu ina leƙe.

Ranar da na yi ƙarfin hali na ce, "Habboba, ni ma a ba ni in gwada," sai ta kama hannuna, ta juya shi, ta kai hanci.

"Warin mai da gawayi," in ji ta. "Farin zare ba ya yafiya, 'yar nan. Bari sai ranar da kika huta da gyaɗa."

'Yar kawuna ta ƙyalƙyale. Ka san wasan taubasai, ba a fushi da shi. "Matsa, baiwata, kin tare mana haske."

Na matsa. Amma na yi fushi, wasa ko ba wasa ba.

Na dirje hannun nan da toka, da sabulu, da lemun tsami, har fata ta yi ja tana raɗaɗi. Na kai mata. Ta sake shinshinawa, ta ce, "Da saura." Alhali nata hannun ka gan shi, duk tabon ƙwaryar auduga ne, kaushi kamar bayan kada. Hannun da ya tsinki auduga shi ne yake ƙyamar hannun da ya soya gyaɗa. Zaren ma da kuɗin gyaɗar tawa ake sayo shi. Na taɓa gwadawa ni kaɗai a bayan ɗaki, da tsinken tsintsiya da zaren buhu. Ƙulli kawai na samu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar ratayewa. A ɗora 'yar kawuna a kan turmi, ta maƙala igiyar a ƙusoshi, Habboba tana ƙasa tana gaya wa mata, "Jajayen nan duk aikinta ne." Ni kuma a ce in kawo wa baƙi gyaɗa.

Ranar hutawa da gyaɗa ba ta zo ba, aure ne ya zo. Da Habboba za ta rasu, gwangwanin ma 'yar kawuna ta bar wa. Shekaru suka tura, yaƙi ya watsa mu, Allah ya sa muka dawo da rai.

Kwanan baya na je gaishe ta a sabon gidansu na unguwar Soba, ƙetaren kogi. Ina ɗaga kai a ƙofar falo sai na ga furannin roba, sun sha ƙura.

Na ce, "Ina irin na Habboba?"

Ta yi dariya. "Haba, wa ke da lokacin wannan yanzu? Wallahi ko yadda ake fara shi na manta. Na roba sun fi sauƙi, ga su nan jibge a kasuwar Suk al-Arabi."

"Kwarashin fa?"

Ta nuna taga da baki. Yana nan a yashe kusa da almakashi da kwalbar turare. "Da shi nake jawo zariyar wandon maigida idan ta shige."

Na shanye shayina, na yi sallama. A mota kuwa har zufa nake yi don takaici. Abin da na dirje fatata a kansa, an ba wadda ba ta roƙa ba, ta mayar da shi majanyin zariya. 'Yan matan yanzu ba su san an taɓa hana wani irin wannan ba. Komai yana kasuwa, babu mai shinshina hannun kowa. Ni dai da furfura a kaina na zauna a ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, ban mutu ba. Idona ya fara rauni, ba ni da sauran shekarun jiran a kira ni.

Washegari da sassafe na yafa mayafi, na hau mota, na ƙetare gada. Ta buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Lafiya, baiwata? Shigo mana."

"Ba zama na zo yi ba. Kwarashin na zo karɓa."

"Ikon Allah! To wa zai koya miki?"

"Ban sani ba tukuna," na ce. "Miƙo."