Kaset ɗin da na ƙi yankewa

Shekarun baya, cikin shekarun casa'in, lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da garinmu Ƙofa, na taɓa sayen kyamarar bidiyo. Mutane da yawa sun ɗauka sana'ar ɗaukar biki zan fara, ni kuwa ban musa ba, don bayanin gaskiyar lamarin yana da tsawo. Saboda yayana na saye ta.

Yayana ya daɗe a Jidda yana ɗinki. Ba da daɗin rai ya bar gida ba. Wata shekara ne ya kwashe shanun huɗar mahaifinmu guda biyu, ya sayar ba shawara, ya sayo injin ban-ruwa don noman tumatir. Tumatir ya yi kyau, sai dai na kowa ma ya yi kyau a shekarar, har kwanduna suka riƙa ruɓewa a bakin titi. Mahaifina ya yi masa faɗa a ƙofar gida, gaban mutane. Bayan 'yan kwanaki muka wayi gari babu shi.

Daga baya ya fara aiko da kaset na rikoda ta hannun masu zuwa Umara. Ya gaida mahaifiyata, ya gaishe ni, ya gaida har maƙwabta, sannan a ƙarshe ya ce, "A gaida Baba." Iyakarta ke nan. Mahaifina kuwa da ya ga an ɗauko rikoda sai ya sa takalminsa ya fita. Mahaifiyata ba ta taɓa cewa komai ba, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa. Amma na lura tana ramewa, kuma duk mai dawowa daga Saudiyya sai ta aike ni in tambaye shi ko ya ga "wancan".

Wata rana na je wurin abokina da ke da gidan kallo a Kwanar Dangora, na tarar yana kallon kaset ɗin walimar wani ɗan kasuwa. Ina ganin mutane suna cin abinci suna dariya a cikin talabijin, sai na ce a raina, idan yayana ya ga gidanmu da idonsa, ba ji kawai ba, da wuya ya iya ci gaba da zama. Na faɗa wa abokina. Ya ce hayar mai ɗauka daga Kano za ta yi tsada, kuma mahaifina ba zai taɓa buɗe baki gaban baƙo ba. Ya ce, "Ka sayi 'yar taka ta hannu mana. In ka gama sai ka sayar."

Ina da ɗan abin da na samu daga masarar da na noma, muka hau ƙaramar bas muka shiga Sabon Garin Kano. A wani shagon kayan Kwatano aka fito mana da kala biyu. Ɗaya 'yar ƙarama ce, mai sheƙi, tana zama a tafin hannu. Ba zan ɓoye muku ba, har na hango kaina ina yawo da ita a Ƙofa ana nuna ni. Ɗayar kuwa ƙatuwa ce, irin ta saɓawa a kafaɗa, duk fentinta ya goge, an ɗaure murfin batirinta da roba. Mai shagon ya dage a kan ƙaramar. Ya ce, "Malam, wannan ita ake yayi. Waccan ai sai ka sha maganin ciwon kafaɗa."

Na tambaye shi irin kaset ɗin da kowacce ke ci. Ƙaramar tana cin wani ɗan mitsitsin kaset ne da ba a samu sai a birni, kuma ba ya shiga bidiyon gida sai an juye shi. Babbar kuwa kaset ɗin kowa da kowa take ci, wanda ko a Kwanar Dangora ana sayarwa, kana cirewa sai ka zura a bidiyo. Ga shi kuɗinta bai kai na ƙaramar ba. Sai na ce a gwada mini sauti. Na sa abokina ya tsaya can bakin ƙofar shago ya yi magana ƙasa-ƙasa, aka ɗauka da kowacce, aka sa a talabijin. Ƙaramar hayaniyar kasuwa kawai ta kwaso. Babbar, da yake makirfonta a waje yake kamar ƙahon rago, ta kamo shi sarai yana cewa yunwa yake ji. Mahaifina mutum ne da ba ya ɗaga murya ko yana cikin fushi, don haka a nan na yanke shawara. Batirin ne kawai matacce, amma abokina ya ce zai haɗa mini waya in riƙa ja daga batirin mota. Haka na dawo gida da ƙatuwar aba a cikin buhu, fasinjoji suna tambaya ko injin markaɗe na sayo.

Ɗaukar farko da na yi abin dariya ce. Rabin kaset ɗin ƙafafuna ne da kaji, don ina zaton na kashe alhali tana ɗauka. Akwai wani maɓalli mai jawo nesa kusa, na maƙale masa, ina jawowa ina mayarwa, har abokina da ya kalla ya ce jiri yake ji. Ga surutuna a bayan kyamara, ina ta bayani kamar mai karanta labarai: "Wannan rumbu ne." Kamar yayana bai san rumbu ba. A hankali dai na koyi tsayawa wuri guda in yi shiru.

Na ɗauki tsakar gida, da rijiya, da ɗakin yayana da aka mayar wurin ajiye hatsi. Na ɗauki abokansa a majalisa suna yi masa tsiya. Da aka zo kan mahaifiyata, ta sha kwalliya ta zauna a kan tabarma, amma ta ƙi kallon kyamara. Ta yi bayanin akuyarta da ta haihu, da tsadar manja, da wadda ta rasu a unguwa. Sai can ta ce, tana gyara mayafi, "Ka ce wa mutanen can, su riƙa cin abinci." Shi ke nan saƙonta.

Mahaifina ya ƙi. Ya ce shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Ban matsa masa ba, na ci gaba da harkata. Sai wata safiya da damina, ina gona ina ɗaukar wani maƙwabcinmu Bafulatani da ke yi mana huɗa da shanunsa, na ji mahaifina a bayana ya ce, "Kai, juyo da abin nan."

Na juyo. Ya jingine fartanyarsa, ya gyara hula, ya tsaya ƙiƙam. Ba kyamarar ya kalla ba, ni ya kalla.

"Ka gaya wa ɗan'uwanka, abin da ya yi bai kyauta ba, kuma har yau ban canza magana ba. Shanun nan ba nasa ba ne. Ni na raine su tun suna maruƙa. Ga shi yau da shanun wani nake huɗa. Da ya zo ya tambaye ni, da na hana shi, ko in ba shi ɗaya. Amma ya mayar da ni kamar ba na gidan." Ya share gumi. "Kuma namiji in ya yi asara tsayawa yake yi. Ba a guduwa. Asarar shanun ba ta ci mini rai kamar fitar da ya yi ba sallama ba." Ya sunkuya ya ɗauki fartanyar, har na yi zaton ya gama, sai ya ƙara da cewa, "Uwarsa ta tsufa. Ni ma haka." Ya juya ya kama aikinsa.

Na aro ƙaramin talabijin da janareta a wurin abokina, na ɗauro a babur, na nuna wa mahaifiyata ita kaɗai a ɗaki. Ta yi dariya da ta ga kanta, ta rufe fuska. Da aka zo wurin mahaifina sai dariyar ta ɗauke. Da ya ƙare ta ce, "Ka ce ana iya cire wani wuri a bar wani?" Na ce ana iyawa. Ta ce, "To ka cire faɗan nan, ka bar na ƙarshen kawai. Faɗa ne ya kore shi, kuma faɗa za ka aika masa? Don Allah kada ka ƙara nisanta mini shi." Ban taɓa jin ta yi magana a kansa kai tsaye haka ba.

Washegari da hantsi, kafin 'yan kallo su fara zuwa, muka zauna da abokina muna tacewa. A lokacin babu kwamfuta. Bidiyo biyu ake haɗawa da waya, ɗaya yana nunawa, ɗaya yana ɗauka, kai kuma yatsanka yana kan maɓallin dakatarwa. Ka makara kaɗan, kaza ta shigo. Ka yi sauri, ka yanke wa mutum gaisuwa. Muka zubar da ƙafafuna da surutuna, muka jera sauran. Da muka zo kan mahaifina, abokina ya goyi bayan mahaifiyata. Ya ce, "Abin da zai dawo da shi kake nema, ba shari'a ba."

Muka gwada yadda suka ce. Sai ga mahaifina ya bayyana tsulum a tsakiyar gona, riƙe da fartanya, ya ce uwarsa ta tsufa shi ma haka, ya juya. Na sa aka maimaita. Mutumin da ke cikin talabijin ɗin ya yi kama da mai roƙo, kuma mahaifina bai taɓa roƙon ɗansa ba. Na san yayana. Yana gani zai gane an taɓa kaset ɗin, daga nan kuma ba zai yarda da komai a cikinsa ba, har da maganar ƙarshen. Na ce wa abokina a mayar da shi yadda yake, tun daga gyaran hula har juyawa. Ya ce, "In abin ya ɓaci fa?" Na ce ni zan ɗauka.

Duk da haka sai da na sami mahaifina a zaure bayan la'asar, na durƙusa na ce, "Baba, maganar nan ta gona, in aika duka ko in rage?" Ya dube ni ya ce, "Na faɗa ne don a rage?" Na tashi.

Na faɗa wa mahaifiyata abin da na yi, ban ɓoye mata ba. Daga ranar ta daina aikena, kuma in na gaishe ta a taƙaice take amsawa. Wani dattijo daga Yako da zai tafi Umara ya tafi da kaset ɗin. Aka girbe masara, aka girbe dawa, babu amsa. Har kaset ɗin rikodar da ya saba aikowa ya daina zuwa. Wannan lokacin ya yi mini nauyi, musamman in na ga mahaifiyata ta zauna ta yi tagumi. Amma ko a lokacin, in na sake auna abin, wuri guda nake dawowa.

Sai bayan sallar azumi wani ya kawo kaset. Na kunna a tsakar gida, mahaifina ya miƙa hannu zai ɗauki takalmi kamar kullum, sai muryar yayana ta ce, "Baba, da kai nake magana." Hannun ya tsaya. Yayana ya ce ya yi kuskure da bai yi shawara ba, kuma ya fi yin kuskure da ya tafi ba sallama, ya nemi gafara. Sai kuma, da yake shi ma ɗan babansa ne, ya ce amma a yi adalci, a cikin shanun biyu, jan san nan ya riga ya tsufa, ko bai sayar ba da bai ƙara damina biyu ba. Mahaifina ya zabura ya nuna rikoda da yatsa: "Ji wata magana! San da ko haƙoransa bai gama ba?" Ya tsaya yana musu da rikoda, mahaifiyata tana daga bakin murhu tana dariya tana share ido da bakin zani. Ranar da yamma ta aike ni sayen gishiri, na san mun shirya.

Bayan aikin hajjin shekarar yayana ya dawo. Na daɗe ban tambaye shi komai ba, sai wata rana muna hanyar Tudun Wada a kan babur ya kawo zancen da kansa. Ya ce ranar da ya fara kallon kaset ɗin ya yi fushi, ya jefa shi ƙarƙashin keken ɗinki. Sai ya riƙa ɗaukowa yana sake kallo. Ya ce, "Da lallashi na ji daga bakin Baba, da na ce ko dai ciwon ajali yake yi, ko ku kuka tilasta shi. Da na ji faɗan nan, sai na san har yanzu ina da uba, kuma bai cire ni daga cikin 'ya'yansa ba."

Ban sayar da kyamarar ba. Na yi shekaru ina ɗaukar suna da saukar karatu da ita, daga Bebeji har Doguwa, kafin ta mutu gaba ɗaya. Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, hoton da ya girgiza ko ya yi duhu ina zubar da shi ba tare da tunani ba, amma idan mutum ya tsaya ya faɗi abin da ke ransa, ba na sa masa hannu, ko da mai biyan kuɗin aikin ya nema. Sau da yawa maganar da muke tsoron ta yi zafi ita ce wanda aka yi ta dominsa yake jira.

Mahaifina ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yan yayana sun juye kaset ɗin a waya, hoton duk ya dushe, amma muryar tana nan. Yanzu yayana ya yi furfura, yana da jikoki. In suka taru a gidansa wani lokaci yakan sa a kunna wurin gonar nan, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi shiru, ni ake yi wa faɗa." Kuma har yau, in aka kunna, kansa a sunkuye yake saurara.