Madacin Baffa Jalo

Shekara arba'in Baffa Jalo ya yi yana bin shanu a dajin Danchuwa. Ɓarayi suka kore garken rana tsaka, ya tattaro ya dawo unguwar Hausari wajen 'yarsa Asta. Bai yi kuka ba. Tun daga ranar ma babu abin da ya ƙara sa shi kuka ko dariya.

Da wata ƙungiya ta zo raba wa mutanen unguwa bishiyoyin bakin titi su kula da su, sai aka ba shi madacin ƙofar gida, aka ɗaura wa bishiyar lamba. Aikin ba wuya: duk Juma'a a ɗauki hoto a tura ta waya. Asta ta koya masa inda ake dannawa. Wata bakwai bai taɓa fashi ba.

Da rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare, wata safiya ya ɗauki adda ya hau madacin. Ya sassaro rassa masu ɗanyen ganye, ya baje su a ƙasa, kamar yadda ya saba yi wa shanu kowace shekara. Ya tsaya yana jira. Awakin maƙwabta ne suka zo.

Ranar Juma'a ya ɗauki hoton madacin yadda yake, ya tura. Wata ma'aikaciyar ƙungiyar ta kira shi.

"Baba, wa ya yi wa bishiyarka wannan ɓarna?"

"Ni ne."

"Don me?"

Ya dubi ƙofar gidan, babu ko ɗan maraƙi.

"Lokacin ba su ganye ne ya yi," in ji shi.