Saƙon da ya maƙale a kwamfutata

Jama'a, yau Nasiru abokin karatuna ya ba ni mamaki.

Jiya a Gafasa ya ari kwamfutata wai zai kalli fim. Da na iso Gaya na buɗe manhajar imel kafin in kunna data, kamar kullum. Sai ga saƙo maƙale a akwatin fita, zuwa adireshinsa, haɗe da aikin binciken da zan miƙa wa malam! Ya manta in babu sabis, saƙo jira yake.

Ina goge shi, sai ga kiransa.

Ya ce, "Mutumina, ka kunna data kuwa?"

Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "A'a, gaisuwa ce kawai."

Ni fa na koya masa haɗa fayil da saƙo.